Tumbi Ya Tsuke, Kwano Babu Nama: Tarihin Wata Gardama

A shekarar 1952 wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwidin, Viktor Henrikson, ya ba da labarin wata mata da ya yanke wa ƙaramin hanji sama da mita ɗaya ya fitar, don kawai ta rage ƙiba. Daga nan masu rubuta tarihin likitanci kan fara ƙirga tiyatar rage ƙiba. Ba a jima ba likitocin Jami'ar Minesota a Amurka, irin su Richard Varco da Arnold Kremen, suka fito da wata dabara: a bar hanjin a cikin ciki amma a yi masa ratse, a haɗa farkonsa da ƙarshensa, abinci ya wuce a guje ba tare da jiki ya tsotsi mai yawa ba. Masu ƙiba sun rame kuwa. Sai dai ramar ta zo da gudawa marar tsayawa, da tsakuwar ƙoda, da lalacewar hanta da ta yi ajalin wasu, har aka yi watsi da wannan aiki wajen ƙarshen shekarun 1970. Tun daga ranar farko ke nan, wahalar wannan sana'a tana wajen ciyar da mutumin da aka yi wa aikin. Da wannan idon ya kamata a dubi gardamar da ake yi yau a kan wanda ba ya cin nama: shin dole ne ya saki al'adarsa idan an tsuke masa tumbi? Ra'ayina shi ne tarihi bai goyi bayan wannan dolen ba.

Edward Mason na Jami'ar Ayowa shi ne ya karkatar da aikin daga hanji zuwa tumbi a 1966. Ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa wani ɓangare na tumbi sukan rame kuma ba sa sake yin ƙiba, sai ya kwaikwayi hakan da gangan. Irin aikin da ya samo asali daga gare shi yakan bar wa mutum wata 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta da hanji kai tsaye. Daga baya aka sami wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar siriri kamar ayaba, kuma shi ya fi yawa a duniya yanzu. Wanda aka yi wa ɗaya daga cikinsu yakan yi makonni yana shan ruwa-ruwa, sannan ya koma ga abin da aka dama ya yi laushi kamar kunu. In ya fara cin mai ƙarfi, cokali uku ko huɗu sun cika shi. Ana umartarsa ya fara da abinci mai gina jiki kafin ya taɓa shinkafa, ya tauna har ya narke a baki, kada ya kora da ruwa sai bayan kamar rabin awa. A cikin wannan ɗan wuri ake so ya cusa aƙalla giram 60 na furotin kowace rana.

Al'adar ƙaurace wa nama kuwa ta girmi wannan tiyata da dubban shekaru. Mabiya addinin Jain da Hindu da yawa a Indiya sun gaje ta kaka da kakanni, suna shan madara amma ba sa taɓa abin da aka yanka. A Ingila an kafa ƙungiyar masu barin nama a garin Ramsgate a 1847, sannan a Nuwambar 1944 Donald Watson da abokansa suka ɓalle suka kafa ta waɗanda ba sa cin komai da ya fito daga dabba, har madara da ƙwai. A lokacin babu wanda ya taɓa riƙe bitamin B12 a hannu. Tsirrai ba sa yin sa, dabbobi ma daga ƙwayoyin bakteriya suke samun sa. A shekarun 1950 likitoci suka fara rubuta rahoto a kan wasu mabiya wannan sabuwar hanya da suka zo da ciwon harshe, da kasala, da jin dindiris a tafin ƙafa.

A kan wannan bitamin ne tarihin nan biyu suka haɗu, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Akwai wani ƙarancin jini da a da ba a tashi daga gare shi. A 1926 George Minot da William Murphy na Boston suka nuna cewa in aka ɗora marar lafiya a kan cin hanta mai yawa kullum, yakan farfaɗo. Sai William Castle ya tambayi dalilin da ya sa naman da kowa ke ci bai wadatar da waɗannan mutane ba. Ya riƙa cin niƙaƙƙen naman shanu, bayan kamar awa ɗaya ya dawo da shi daga cikinsa, a ɗura wa marasa lafiyar ta bututu. Jininsu ya fara ƙaruwa, alhali naman shi kaɗai bai yi musu komai ba. Da haka ya tabbatar a 1929 cewa lafiyayyen tumbi yana fitar da wani sinadari da sai da shi hanji ke iya karɓar abin da ke cikin naman. A 1948 masana a Amurka da Ingila suka tace bitamin ɗin kansa, kuma har yau daga bakteriya ake haɗa shi a masana'anta, babu ruwansa da yanka. To wannan sinadari na Castle, da ruwan tsamin tumbi da ke ɓamɓare bitamin daga jikin nama, su ne tiyata ke ragewa. Shi ya sa ake rubuta wa duk wanda aka yi wa aikin ƙwayar B12 ko allurarsa har iyakar rayuwa, ko da kullum tsire yake kwana a kai. Mai cewa abincin da ke buƙatar ƙwaya ba abinci ba ne, sai ya faɗa wa mai cin naman ma haka.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu adawa ita ce ta wuri, kuma ba ta wasa ba ce. Giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza yana ɗauke da furotin wajen giram 30, dafaffen wake mai wannan nauyi kuwa bai kai giram 10 ba, ga kumburin ciki. Mai tumbi kamar ƙwai ba zai iya cin wake kwano uku ba. Amma lissafin yana mantawa da abu biyu. Jan nama yana cikin abubuwan da waɗanda aka yi wa tiyatar suka fi kasa haɗiyewa, musamman busasshe ko gasasshe, wasu sukan yi watanni yana tsaya musu a ƙirji. Sannan a makonnin farko kusan kowa da garin furotin da ake damawa yake cike giɓin, kuma ana yin sa daga waken suya kamar yadda ake yi daga madara. Awara, wadda 'yan Sin suka daɗe da sani kafin ta zama abin soyawa a lungunan Kano da Maraɗi, furotin ɗinta cikakke ne, kuma tana da laushi in an dafa ta maimakon a tsoma a mai. Mai cin ƙwai da kindirmo ya fi samun sauƙi, don ƙwai ɗaya giram 6 ne. Wanda ya bar har madara da ƙwai, gaskiya hanyarsa ta fi ƙunci, kuma ba zai bi ta lafiya ba sai da masanin abinci a kusa. Akwai ma inda nake ganin likita yana da gaskiya in ya ƙi. Aikin da Nicola Scopinaro na Jenowa a Italiya ya bayyana a 1979, wanda ke tsallake mafi yawan hanji, ya yi suna wajen jawo ƙarancin furotin har ga masu cin nama, don haka bai dace da irin wannan mutum ba.

Indiya ta ba da shaida a aikace. A biranen Mumbai da Delhi da Ahmedabad ana yi wa mutanen da ba su taɓa ɗanɗana nama ba wannan tiyata, su ci gaba da madara da cuku da wake. Abin da likitocin can suka sani shi ne da yawansu sukan zo da ƙarancin B12 tun kafin a taɓa su, saboda haka a auna jini a gyara tukuna. Haka batun sinadarin ƙarfe mai ƙara jini: na ganye ya fi na nama wuyar shiga jiki, kuma farkon hanji inda ake tsotsarsa shi ne wurin da aikin Mason ke tsallakewa. Ruwan lemo yana taimaka masa, shayi a bayan abinci yana tare shi, mata masu jinin al'ada kuma su suka fi shiga haɗari.

Wannan magana ta shafe mu ko da barin nama ba al'adarmu ba ce. Mutanenmu suna zuwa Indiya da Masar neman lafiya, wasu kuma tsada ce ta raba tukunyarsu da nama. Hanta tana iya ajiye B12 na shekara uku ko fiye, don haka wanda ya dawo gida ya ajiye ƙwayoyinsa zai ji garau na dogon lokaci, sai wata rana ƙafa ta fara mutuwa, kuma jijiyar da ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo ba. Mai shirin wannan tiyata, ka faɗa wa likitanka ainihin abin da kake ci da wanda ba ka ci, ka sa a auna jininka kafin a shiga da kai, kuma kada ka bar asibitin sai ka san wanda zai riƙa duba ka kowace shekara bayan ka koma gida.