Toka da Mai: Yadda Aka Gano Lissafin Sabulu

Garin Gadarif yana gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasa ce ta dawa da riɗi, kuma Hausawa da yawa suna zaune a can, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar Makka da ƙafa. Man riɗin da ake matsewa a Gadarif, kamar man gyaɗa na Kano ko man kaɗe, in ya gamu da ruwan toka mai ƙarfi ko soda, sai ya zama sabulu. Masu dafa sabulun salo sun daɗe da sanin wannan. Sun kuma san ƙarshen aikin sai an yi haƙuri. Dalilin haka ne masana suka yi shekara wajen 60 suna nema.

A 1823 wani Bafaranshe mai suna Chevreul ya nuna cewa ruwan toka yana raba kitse gida biyu, kashi ɗaya ya zama sabulu, ɗayan ya zama gilisarin. Ya faɗi abin da ke faruwa, amma bai auna saurinsa ba.

A 1864 wasu surukai biyu a ƙasar Nowe, Guldberg da Waage, suka ce ƙarfin haɗuwar abubuwa biyu ya danganta ga yawan kowannensu a cikin ruwa. Da harshen ƙasarsu suka rubuta, saboda haka kusan ba wanda ya kula. Suka sake bugawa da Faransanci a 1867, shiru. Sai da suka buga da Jamusanci a 1879 duniya ta waiwaye su. Ashe ilimi ma yana bukatar tafinta.

Wanda ya kawo maganar kusa da tukunyar sabulu shi ne Warder, Ba'amurke, a 1881. Bai yi amfani da mai ba, gama mai ba ya garwaya da ruwa, shi ya sa mai dafa sabulu ba ta ajiye muciya. Ya ɗauki wani ruwa mai ƙamshi da ake kira etil asitet, ya haɗa shi da soda, yana auna sodar da ta rage lokaci bayan lokaci.

Ga abin da ya bayyana. Dole ƙwayar wannan ta gamu da ƙwayar wancan kafin aiki ya yiwu. In an ninka ɗaya, sauri ya ninku biyu. In an ninka dukansu, ya ninku huɗu. Masana suna kiran wannan haɗuwa ta aji na biyu. Amma da suka fara ƙarewa, gamuwa takan yi wuya, kamar kasuwa da yamma. In an zuba su daidai wa daida, rabi ya ƙare cikin minti 10, to rabin saura sai ya ci minti 20, na bayansa 40.

Van 't Hoff na ƙasar Holan ya tsara wannan ilimi cikin littafinsa na 1884, ya kuma zama na farko da ya karɓi lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901.

Wannan jinkiri na ƙarshe ba wasa ba ne. Sabulun da aka sauke da gaggawa yana da sauran soda a ciki, yakan ci hannun mai wanki, ya ƙona fatar jariri. Masu yin sabulun soda ba tare da dafawa ba sukan ajiye shi mako 4 zuwa 6 kafin su kai kasuwa.