Sifawa, zaren haske da ƙurar hunturu

1/ Jama'a, duk mai bin titin Sakkwato zuwa Jega ya san Boɗinga da Shagari. Amma mutum nawa ne ke tuna cewa Sifawa, nan kusa da Boɗinga, ta taɓa zama inda saƙonnin daula guda ke fita? Ku biyo ni, daga can za mu gangaro har kan datar wayarku.

2/ Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, sai a 1815 ya koma Sakkwato. A shekarun nan ne aka raba kula da daula: yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. A lokacin nan kuma aka yi ta musayar wasiƙu da Shehu al-Kanemi na Borno. Takarda a jakar fata, manzo a kan doki, makonni a hanya.

3/ Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, zamanin tangaraho ya shigo. Kalmar "waya" ma daga nan muka samo ta: ƙarfe ne na gaske a kan turaku, shi ake "bugawa".

4/ A 1966 Charles Kao da George Hockham, a Ingila, suka ce gilashi zai iya ɗaukar saƙo da haske zuwa nesa idan aka tace shi sosai. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare. Kao bai karɓi kyautar Nobel ba sai 2009. Haƙuri ke nan!

5/ Mu kuwa ta teku ya iso mana: SAT-3 a Legas wajen 2002, sai MainOne da Glo-1 a 2010. Kun tuna 14 ga Maris 2024, ranar da bankuna suka rikice? Wayoyin ƙarƙashin teku ne suka tsinke ta wajen gaɓar Kwaddebuwa.

6/ To ga inda nake son zuwa. Zaren da ake ja tsakanin garuruwa shi ne mai hanya ɗaya, kuma cibiyar da haske ke bi faɗinta maikiron 9 ne kacal. Silin gashin kanka ya ninka ta sau bakwai ko fiye. Wato ƙwayar ƙura ɗaya tak na iya tare hanyar.

7/ A cikin rami ba matsala, zaren a rufe yake. Matsalar tana mahaɗi, inda ake cirewa a sake sokawa. Mahaɗin da aka saba da shi baki biyu ne da aka goge sumul, dole su taɓa juna. Ƙura ta shiga tsakani, ka danna, ta karce gilashin. Shi ke nan, ko an share tabon yana nan.

8/ Sai masana suka yi dabara: a sa ƙaramin gilashi irin na tabarau a kowane baki. Na farko ya buɗa hasken ya yi faɗi, ya tsallaka ɗan fili, na biyu ya sake tattara shi cikin zare. Bakunan ba sa gogar juna. Ƙurar da a da za ta toshe komai yanzu ɗan ɗigo ce a cikin faffaɗan haske.

9/ Sojoji ne suka fi rungumar wannan mahaɗi mai faɗaɗa haske, sai masu haƙar ma'adinai da masu ɗauko wasanni kai tsaye a talabijin: mutanen da ke haɗa waya cikin laka da yashi, ba lokacin goge-goge.

10/ Ba kyauta ba ne fa. Ya fi tsada, yana zubar da haske fiye da na gama-gari, kuma a zare mai hanya ɗaya ɗan karkata kaɗan ya isa ya ɓata saiti. Don haka ba a kowace kusurwa ake sa shi ba, kuma ni ma ban ce a sa ba.

11/ Amma ku duba hunturunmu, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko rana ba a gani sosai. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin zare kilomita 90,000. Kowa kilomita yake ƙirgawa. Ni dai in masu haƙa rami suka iso Boɗinga da Shagari, tambayata ita ce: wane irin mahaɗi za a sa a akwatunan da ke waje, kuma yaran garin nawa za a koya wa duba shi da goge shi?