Ranar da bara zai tsaya da ƙafarsa: tsohuwar ƙa'idar kasuwar Maraɗi

A shekarun 1950, lokacin da gyaɗa ke tashe a ƙasar Maraɗi, da an shiga kaka sai barori su fantsama garuruwan bakin gulbi, su Jiratawa da Tibiri da Madarumfa. Kowanne yana tafe da sikeli da buhunan wofi da kuɗin da ba nasa ba. Kuɗin na ubangidansa ne, shi ma ya karɓo su kafin alƙalami daga gidajen Turawa irin su CFAO da SCOA. Bara zai wuni yana auna gyaɗa, yana ɗinke bakin buhu da basilla. A haka yake sanin manomin da ba ya cuɗa ƙasa a cikin kaya, da mai garin da maganarsa ke ci, da direban da ba ya saɓa rana. Wannan sanin shi ne ainihin dukiyar ubangida, ga shi kuma yanzu yana cikin kan yaronsa. In yaron ya tashi, me zai hana shi kwashe masu kawo kayan?

Faransawa sun amsa tambayar a takarda. Dokar ƙwadago ta ƙasashen da suke mulka, wadda ta fito ranar 15 ga Disamba 1952, ta soke duk sharaɗin da ke hana ma'aikaci neman abincinsa bayan wa'adin aikinsa ya cika. Ta bar ƙofa guda: in shi ya ajiye aikin, ko aka kore shi kan babban laifi, ana iya hana shi gogayya da tsohon maigidansa, amma kada hanin ya wuce shekara biyu, ko nisan kilomita 200 daga wurin aikin. Ga ɗan Maraɗi wannan da'ira mai faɗi ce, domin ta haɗiye Tasawa da Dakwaro. Katsina kuwa tana kusa, sai dai hannun alƙalin Faransa bai kai can ba.

Dokar ta shafi akawu da magajin sito masu albashi. Bara ba shi da takarda, galibi ba shi da albashi tsayayye. Abin da ke tsakaninsa da ubangida ya fi haka nauyi: ci da sutura, kuɗin aure, ragon suna, wani lokaci har kujerar Makka. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafi kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa attajiri a garin ba ya cika sai da arzikin mutane, wato yawan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Saboda haka ubangidan kirki da kansa yake yaye baransa. Yakan ba shi jari ko kaya bashi, ya gabatar da shi ga abokan hulɗa. Tsohon bara ya buɗe nasa shago, amma daga gidan yake sari, can yake zuwa gaisuwa, kuma kunya ba ta barinsa ya yi wa maigida zagon ƙasa a wurin masu sayensa.

Wanda ya fita ba da sallama ba, babu mai kai shi kotu. Magana ce za ta zaga, a zaure, a tasha, a ƙofar masallaci, cewa wane ya ci amana. A kasuwar da kusan komai ke tafiya kan bashi, mutumin da babu mai tsaya masa ya gama. Hukunci ne mai kaifi, kuma ba kullum yake bisa gaskiya ba. Akwai barorin da suka yi furfura a ƙofar wani suna jiran jarin da aka yi ta ɗaga musu, ba su da wurin kai ƙara, saboda bakin ubangida ya fi nasu tsawo. Wannan zalunci ne, ko da al'ada ta lulluɓe shi.

A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA, wanda ya riƙe fitar da gyaɗa waje. Farin shekarun 1970 ya durƙusar da noman, Alhazai suka karkata ga safarar atamfa da taba zuwa Najeriya. Kaya sun sauya, barori suka bi su, har ma buƙatarsu ta ƙaru, domin mai tsallaka iyaka da kayan miliyoyi sai wanda aka yarda da shi. A Jiratawa kuma, fadamar noman rani da aka gyara a farkon shekarun 1980 ta kawo sababbin masu sari, kowanne da yaransa masu bin gonaki. Yau bankuna da kamfanonin waya na ɗaukar ma'aikata da rubutacciyar yarjejeniya ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012, amma yaron tela da yaron gareji har yanzu sai maigida ya sallame su ya sa musu albarka kafin su buɗe nasu wurin.