Wanke-wanke da Hannu ko da Inji: Nazarin Ruwa da Makamashin da Kowanne ke Ci

Tsakure

Wannan maƙala ta duba manyan bincike biyu da aka yi a Jamus da Amurka kan ruwa da makamashin da wanke-wanke ke ci. Ta nuna cewa hukuncin da ake yawan maimaitawa, wai inji ya fi hannu tattali, ya rataya ne a kan abubuwa biyu: barin famfo a buɗe da kuma ɗumama ruwa. Inda babu su, hukuncin ba ya tsayawa.

Binciken Bonn

Farfesa Rainer Stamminger na Jami'ar Bonn da abokan aikinsa sun wallafa sakamakonsu a 2007. Sun ba mutum 113 daga ƙasashen Turai daban-daban kayan cin abinci na mutum 12, suka ce kowa ya wanke yadda ya saba a gida. A matsakaici, kowa ya kashe lita 103 na ruwa da kilowat-awa 2.5 na makamashi, cikin minti 79. Injin wanke-wanke kuwa ya gama aikin da kimanin lita 15 da kilowat-awa 1 zuwa 2.

Abin da aka cika tsallakewa shi ne tazarar da ke tsakanin mutanen su kansu. Jamusawa sun kashe kimanin lita 46, mutanen Sifen da Fotigal kuwa kimanin lita 170. Kwanukan iri ɗaya ne, dauɗar ma haka. Al'adar wankin ce ta bambanta: wani ya tara ruwa a mazubi, wani ya saki famfo yana zuba har ya gama. Famfon ɗakin girki a Amurka doka ta yarda ya zubar da kimanin lita 8.3 a minti ɗaya, don haka minti biyu kacal sun isa su haura duk ruwan da inji ke bukata.

Ina makamashin ke tafiya?

Lissafin ba shi da wuya. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Idan aka ɗumama lita 103 da digiri 20, za a kashe kusan kilowat-awa 2.4, wato kusan adadin da aka auna a Bonn. Ashe makamashin wanke-wanken hannu kusan dukkansa a ɗumama ruwa yake ƙarewa. Wanda ya wanke da ruwan sanyi bai taɓa wuta ba balle gas. Inji kuwa ba shi da wannan zaɓi, dole ya ɗumama ruwansa ya kuma juya famfonsa da lantarki.

Binciken Jami'ar Michigan, wanda Gabriela Porras da Gregory Keoleian da wasu suka wallafa a 2020, ya ƙara haske. Sun ƙiyasta iskar da ke ɗumama duniya wadda gida ɗaya ke jawowa cikin shekara goma: kilogiram 5,620 ga mai wanki da famfo a buɗe, 2,090 ga mai inji, sai 1,610 ga mai amfani da mazubi biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya. Yana da kyau mai karatu ya san cewa kamfanin Whirlpool, mai ƙera waɗannan injuna, yana da hannu a aikin, amma duk da haka mazubi biyu ne suka zo kan gaba.

Darasi ga gidajenmu

Wannan hanya da binciken ya fifita ita ce wadda matan Hausawa suka gada. A tsakar gida ana ajiye roba biyu, ta sabulu da ta ɗauraya, a fara da kofuna a ƙare da tukwane, tukunyar tuwo kuma a jiƙa ta tun da wuri don ƙanzo ya saki. Gidan da ke sayen jarka mai lita 25 daga 'yan garuwa ba ya bukatar wa'azin tattalin ruwa. Inji kuma yana son famfo mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa, kuma kunna janareta domin sa yana rushe duk wata ribar makamashi.

Raunin hanyar tamu a tsafta yake. Ruwan ɗauraya kan yi maiƙo a ci gaba da amfani da shi, soson da bai bushe ba kuma matattarar ƙwayoyin cuta ne, alhali inji yana wanki da zafin digiri 50 ko fiye. A otal-otal da asibitoci da makarantun kwana, inda kwanuka ke da yawa kuma lafiyar jama'a ke cikin haɗari, inji na da hujja mai ƙarfi idan ana cika shi kafin a kunna.

Muna kira ga sassan kimiyyar tattalin gida na jami'o'inmu da su auna ruwan da wanke-wanken roba biyu ke ci a gidajen birni da karkara, tare da gwada tsaftar kwanukan bayan ɗauraya, domin shawarar da za a ba iyalai ta fito daga ma'aunin gida.