Matakin da masu koyon rubuta manhaja suka fi maƙalewa a kansa

Yawancin masu koyon rubuta manhajar kwamfuta ba a darasin farko suke karaya ba. Sukan maƙale ne ranar da bidiyon koyarwa ya ƙare, aka bar su da shafi fayau babu wanda za su kwaikwaya.

Dalilin a fili yake: malamin ya riga ya warware matsalar kafin ya kunna kyamara. Ɗalibi yana ganin amsa, amma bai ga kai-komon da aka yi kafin a same ta ba, alhali wannan kai-komon ne ake biyan ma'aikaci albashi dominsa.

Matsala ta zahiri

Unguwar Kudai da ke kudu da Masallacin Harami a Makka misali ce mai kyau. Daga wuraren ajiye motoci na can ne bas-bas ke kwasar masu ibada zuwa Harami, kuma cunkoso kan yi tsanani a watan Ramadan.

Manhajar da za ta shaida wa mai Umara inda zai hau bas da lokacin isowarsa, a baki abu ne mai sauƙi. Amma mai rubuta ta sai ya tsara rumbun bayanai, ya tanadi abin da za ta yi idan intanet ta yanke, ya tuna da dattijon da ba ya jin Larabci ko Turanci, sannan ya tabbatar ba ta durƙushe ba idan dubban mutane suka buɗe ta lokaci guda bayan sallar Tarawihi. Da wuya darasin 'yan koyo ya taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Irin waɗannan matsaloli aka ɗora wa mahalarta gasar Hajj Hackathon da aka yi a Jidda a watan Agustan 2018, wadda ta shiga kundin Guinness da mutum 2,950. Wasu matan Saudiyya ne suka zo na ɗaya da manhajar Turjuman mai fassara wa alhazai allunan hanya ba tare da intanet ba, suka samu riyal miliyan ɗaya.

Abin da masu ɗaukar aiki ke dubawa

Sanin Python ko JavaScript kaɗai ba ya wadatarwa. Ana so mutum ya iya amfani da Git wajen adana sauye-sauyen aikinsa, ya karanta abin da wani ya rubuta ya gyara ba tare da ya ɓata sauran ba, kuma ya jure wa gyaran abokan aiki. Ƙaramar manhaja ɗaya da ke aiki a hannun jama'a, wadda aka ajiye a GitHub, ta fi takardun shaida goma nauyi a wajen tantancewa.

A Najeriya, gwamnati ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, ciki har da rubuta manhaja.