Mamane, ɗan Agadas da ya ƙirƙiro ƙasar Gondwana

Mohamed Mustapha, wanda duniya ta fi sani da Mamane, ɗan wasan barkwanci ne ɗan Jamhuriyar Nijar, mai rubuta wasanni yana kuma fitowa a cikinsu a rediyo da talabijin da silima. An haife shi a Agadas a shekarar 1966. Sunansa ya bazu a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ta dalilin wata ƙasa da ya ƙaga da kansa, wadda ya raɗa wa suna "Jamhuriyar Gondwana mai dimokuraɗiyya ƙwarai da gaske". Ta bakin wannan ƙasa da babu ita a taswira yake zolayar shugabannin da ke liƙe wa kujera, da masu murɗe zaɓe, da ƙasashen waje masu rufe ido a kansu.

Tasowarsa da karatunsa

Mahaifin Mamane ma'aikacin diflomasiyya ne, don haka ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a wajen Nijar, musamman a Kodebuwa da Kamaru. Wannan yawo ya sa kunnensa ya saba da yadda kowace ƙasa ke lanƙwasa Faransanci yadda ya dace da bakinta, abin da daga baya ya zama babban jarinsa a kan dandali.

Ba wasa ya karanta ba. Kimiyyar tsirrai ya yi, kuma a farkon shekarun 1990 ya tafi Faransa don ƙaro ilimi a wannan fanni a birnin Montpellier. A can ne ya ɗanɗani rayuwar baƙon da takardun zamansa suka ƙare. Dogon layi a ofishin takardu, da tsoron ƴan sanda, da raini irin na ma'aikacin da ke bayan teburi, duk sun zama abin da ya gina wasanninsa na farko a kai, a ƙananan zaurukan birnin Paris.

Shigarsa rediyo da talabijin

Shekarar 2006 ce ta buɗe masa ƙofa. Ya shiga rukunin farko na shirin Jamel Comedy Club, wanda ɗan wasa Jamel Debbouze ya kafa a tashar Canal+ don fito da sababbin masu ban dariya. Ya kuma yi aiki da Laurent Ruquier, sanannen mai gabatar da shirye-shirye, a rediyon Europe 1 da talabijin ɗin France 2. Wasansa na mutum ɗaya mai suna "Mamane malmène les mots" ya ginu ne a kan jujjuya kalmomin Faransanci, yana nuna yadda harshen hukuma ke ɓoye zalunci a cikin lafazi mai daɗi.

Bayan wani zama a rediyon Africa N°1, ya koma RFI a shekarar 2009, inda ya riƙa gabatar da ɗan gajeren sharhi na ƴan mintuna a ranakun aiki. A nan ne Gondwana ta yi suna.

Mece ce Gondwana?

Sunan ya aro shi ne daga masana ƙasa. Gondwana ita ce tsohuwar ƙatuwar nahiya da ta haɗa Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostireliya da Antatika, kafin ta fara tsagewa kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce. A hannun Mamane ta koma ƙasa mai shugaba guda da ake kira "Président-Fondateur", wato Shugaba Mai Kafa Ƙasa, wanda ba ya faɗuwa zaɓe, ba ya tsufa a idon fadawansa, kuma kundin tsarin mulki ke sauyawa duk lokacin da wa'adinsa ya kusa cika.

Dabarar ita ce ba ya kama sunan kowa. Mai saurare a Yamai ko Lome ko Yawunde shi ke cike gurbin da kansa. Wannan ya ba shi damar taɓa batun tazarce da gadon mulki da satar dukiyar ƙasa ba tare da wani shugaba ya iya cewa da shi ake ba, domin wanda ya tsargu ya tona wa kansa asiri.

Majalisar dariya da fim

Mamane ya kafa kamfanin Gondwana-City Productions, ya mai da Abijan cibiyar aikinsa. A 2015 aka fara bikin Abidjan Capitale du Rire, mai tara ƴan barkwanci daga ƙasashe da dama, kuma a shekarar ce aka soma ba da kyautar RFI Talents du Rire ga matasan da ke tasowa a sana'ar.

Daga 2016 tashar Canal+ ta Afirka ta fara nuna shirin "Le Parlement du rire", wato Majalisar Dariya. Mamane ne shugaban majalisar Gondwana a shirin, mataimakansa kuwa Michel Gohou da Digbeu Cravate ƴan Kodebuwa, da Charlotte Ntamack ƴar Kamaru. Baƙin ƴan wasa kan hau mumbari a matsayin ƴan majalisa, kowa ya yi nasa. Matasa da yawa ta wannan shiri aka fara ganin fuskarsu a wajen ƙasarsu.

A watan Afrilun 2017 ya fitar da fim ɗinsa "Bienvenue au Gondwana", wanda shi ya rubuta ya kuma ba da umarni, aka ɗauka a Kodebuwa. Labarin wani matashin Bafaranshe ne da aka turo cikin tawagar masu sa ido a zaɓen da kowa ya san sakamakonsa tun kafin a jefa ƙuri'a.

Tushen abin a gida

Ga mutanen Damagaram da Gure, wannan salo ba baƙo ba ne. A wasan kara na Zinder matasa kan kwaikwayi sarki da manyan hukuma a bainar jama'a, wanda Inoussa Ousseini ya ɗauka a fim. Wasan taubasantaka, irin wanda ke tsakanin Barebari da Fulani, ya halatta wa mutum ya faɗi magana mai ɗaci cikin raha, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon bil'adama. A talabijin ma, Yazi Dogo da abokan wasansa sun daɗe suna zolayar ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da Hausa a Télé Sahel.

Bambancin shi ne Mamane da Faransanci yake aiki, kuma a kafofin Faransa. Wannan ya kai muryarsa ƙasashe masu yawa, amma ya bar mafi yawan ƴan ƙasarsa a baya, tunda ba kowa ya yi lakwal ba, ba kowane gida ke iya biyan kuɗin Canal+ ba. Ya kuma jawo masa sukar masu ganin bai dace a yi wa shugabannin Afirka dariya daga gidan rediyon tsohuwar uwargijiya ba, ko da yake Faransar kanta ba ta tsira daga bakinsa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja sun dakatar da RFI da France 24 a Nijar a ranar 3 ga Agusta, lamarin da ya rufe babbar hanyar da masu saurare a gida ke jin sa.

Mamane ya kawo bikin karrama ƴan barkwanci na Awards du Rire Africain zuwa Yamai, ya kuma bayyana aniyarsa ta gina makarantar koyar da wasan barkwanci a birnin, inda matasa za su koyi rubutu da wasa da aikin bayan kyamara a matsayin sana'ar da ake ci da ita.