Amsar Wasiƙunku: Akwai Mudun Auna Natsuwar Mai Zikiri?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gwaram, mai sayen riɗi a kasuwar Sara. Ya ce in ya zauna lazimi bayan asuba, carbi na tafiya a hannu, amma zuciya tana can tana lissafin buhuna. Yana tambaya, yaya mutanen da suke gane natsuwarsu, kuma da gaske ne wai Turawa sun ƙera na'urar auna ta?

To malam, ba a kanka farau ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa sahabi Abu Ɗalha yana salla a lambunsa, sai wani tsuntsu ya ɗauke masa hankali. Ko da ya farga, bai san raka'a nawa ya yi ba. Abin ya dame shi har ya ba da lambun sadaka. Ka lura da abin da ya tona rafkanuwar: lissafi ne ya ɓace masa. Kabli da ba'adin da ka karanta a Ahalari, da yawansu maganin irin wannan ne.

Su ma ɗariƙu da ƙidaya suka zo. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya bar wa almajiransa lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ɗariƙar ta ƙara ƙarfi a ƙasar Kano bayan Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin hajjin 1937, kuma ka san a lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk a ƙarƙashin Kano suke, sai a 1991 aka yanke Jigawa.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Carbi harshe yake ƙirga wa, ba zuciya ba. Aikinsa ma shi ne ya ɗauke maka nauyin lissafi, don haka kana iya kaiwa ɗari cif alhali tun a na goma ka tafi kasuwa. Ɗan tasbahan nan mai batir da ake maƙalawa a yatsa, shi ma haka. Shi ya sa malamai irin su Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, suka matsa a kan halartowar zuciya, ba yawan adadi kaɗai ba.

Batun na'ura kuwa, akwai ƙamshin gaskiya. A 1929 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya bayyana yadda ake manna wayoyi a fatar kai a ɗauki motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. A 1966 masana a Japan suka gwada ta a kan masu zaman tunani na addinin Buda, suka ga motsin yana sauyawa in mutum ya natsu. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne gwajin Jami'ar Wiskonsin ta Amurka a 2014. Aka ce wa mutum ya ƙirga numfashinsa a zuci daga 1 zuwa 9, yana danna maɓalli a kowane numfashi, in ya kai na tara ya danna wani daban. Kwamfuta na nata lissafin a gefe. Wanda hankalinsa ya tafi, sai ya danna na taran ba a kan lokaci ba. Wato dai ma'aunin Abu Ɗalha ne suka komo wa.

Sai dai na'urar iyakarta ta nuna alamar hankali ya tsaya wuri guda. Ko a kan ambaton Allah ya tsaya, ko a kan farashin riɗi, wannan kam ba ta iya faɗa maka.